Ranar da Likitan Sauti Ya Yi wa Mai Lafiya Tiyata

Duk wanda ya ce shiri ne wannan labarin, ya je shagon Tela ya ɗaga yadin da ke kan teburin yanka, zai ga allon da idonsa.

Shekara ashirin da biyu allon nan ya yi a saman ƙofar mai gyaran rediyon layinmu. An rubuta da jan fenti: LIKITAN SAUTI, BA MA JINYA, WARKARWA MUKE. Kullum da safe, kafin ya share shago, sai Likita ya hau benci ya goge allon da tsumma, ya sauko ya ja baya ya kalle shi kamar yau aka kafa.

Gyara kam ya iya, ba a hana shi wannan. Matsalar ita ce bakinsa ya fi hannunsa sauri. Ya sha faɗin cewa daga tsallaken titi yake jin rediyon da zai lalace jibi. Ya ce akwai ranar da ya gano wayar da ta kwance a cikin talabijin ta hanyar shinshina ta kawai. Abin da ya tsana a duniya abu huɗu ne, kuma duk ya raɗa musu sunan ciwo. Shuuu ɗin da rediyo ke yi, mura. Gurnanin wuta, ciwon ciki. Sauti ya riƙa maimaita kansa, in'ina. Ya ɗauke gaba ɗaya, suma.

Tela, maƙwabcinsa, bango ɗaya ya raba su, shi ne mutumin da bai taɓa yarda da ko ɗaya daga cikin labaran nan ba. Ƙaramar rediyonsa ce kaɗai Likita ya taɓa kasa gyarawa, ya dawo masa da ita ya ce ajali ne. Tela ya ɗaure ta da roba, ya buge ta sau biyu, ta ci gaba da magana har yau.

Ranar wata Talata sai ga 'yar ƙanwar Likita ta shigo shago. A kantin magani take aiki, kuma tun tana ƙarama ake ce mata Shiru-shiru, domin in tana magana sai ka matso da kunne. Abin da kawunta bai sani ba shi ne, shekara biyu ke nan in ta tashi daga aiki tana haɗa kiɗa a kwamfuta. Babu mawaƙi, babu makaɗi, na'ura ce ke yin komai. Ta haɗa faifai mai waƙa takwas ta sa masa suna *Injin Ya Yi Mafarki*. Ba a sa shi a rediyo, ba kantin da ke sayar da shi, daga waya zuwa waya yake yawo. Direbobin bas na da shi, ɗalibai na da shi, har ma'aikatan gidan wanki. Masu rawa su ce ba ya barin ƙafa ta zauna lafiya. Masu son zama shiru su ce in ka sa shi a kunne ka rufe ido, sai ka ji kamar ka shiga cikin wani ƙaton inji yana numfashi a hankali.

"Kawu," ta ce, "Anti Mai Zaure ta yarda za ta zo ta ji."

"Wace ce kuma haka?"

"Mai zauren rawan nan na cikin gari. In faifai ya yi mata, tana ba mai shi ranar Asabar ya kaɗa da kansa. Ta ce za ta zo Asabar ɗin nan ƙarfe huɗu, awa ɗaya kacal, ba za ta ƙara minti ba. Mai gidan haya ya ba ni aron garejin ƙasa, nan cikin layin. Lasifika biyu kawai nake so ka ara min."

Likita ya ajiye sukudireba ya dube ta kamar ta zage shi.

"Biyu? 'Yar ƙanwata guda, a gaban baƙuwa, da lasifika biyu? Tara za a sa. Ni zan haɗa, ni zan tsaya a kai."

"To, Kawu, ka saurari faifan tukuna, don akwai wuraren da..."

"Uwata, ni za a koya wa kiɗa? Tun kafin a haife ki nake wannan aikin. Kiɗa kiɗa ne. Ke dai kawo naki, sauti nawa ne."

Tela ya leƙo ta ƙofa da tef a wuya, allura a baki.

"Likita, lasifika tara fa ka ce. Wadda ka haɗa a taron makaranta ma guda ɗaya ce, kuma shugaba ya gama jawabi kamar yana cikin randa."

"Muryarsa ce haka! Ji nan, sarkin zare. Ranar Asabar, in ka ji mura ɗaya, ciwon ciki ɗaya, in'ina ɗaya ko suma ɗaya daga lasifikokina, ka hau benci ka cire allon nan ka tafi da shi."

"Da ma teburin yankana ya tsage."

"Ka ji da kunnenka, Uwata, ke ce shaida."

Shiru-shiru ta buɗe baki, ta ce wani abu. Ba wanda ya ji.

Kwana uku Likita bai gyara rediyon kowa ba. Ya tattaro lasifikoki: biyu nasa, uku na mutanen da suka kawo gyara suka manta, biyu na tsohuwar mota, ɗaya ta mai tallan katifa. Ta taran ita ce uwar gayya, ƙatuwa kamar murfin ganga, ba ta da akwati. Ya zagaya gida yana neman katako, sai idonsa ya faɗa kan kabad ɗin matarsa mai ƙofar madubi. Ta tafi gaida yayarta, sai Asabar za ta dawo. Ya kwashe kayanta ya jibge a kan gado, ya huda bayan kabad ɗin da zarto, ya ɗaura lasifikar a ciki, ya ɗaure ƙofofin da waya.

"In ta dawo fa?" in ji Tela.

"Kafin ta ajiye jaka na mayar. Ramin a baya yake, bango ne kaɗai zai gani."

Ranar Juma'a ya yi gwaji da kaset ɗinsa na gwaji, wanda wani mutum ke ƙirga ɗaya zuwa goma. Sai an faɗi gaskiya: sauti ya fita tas, kamar mutumin na tsaye a garejin. Tela ya saurara har goma, ya koma shago ya fara neman ƙusa don gyara tsohon teburinsa.

Asabar ƙarfe uku da rabi gareji ya cika. Likita bai taɓa zaton 'yar ƙanwarsa ta san mutane haka ba. Ya sa farar riga mai dogon hannu, ya rataya abin gwada wuta a wuya, ya zauna a gaba kusa da kabad, amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, a gabansa. Shiru-shiru kuwa ya kafa mata tebur can ƙarshen gareji, taku ashirin tsakaninsu, wai kada kwamfutarta ta dami na'urorinsa. An jera fanka huɗu, an sa firjin ruwan sanyi a kusurwa.

Ƙarfe huɗu daidai Anti Mai Zaure ta shigo, gajeriyar mace mai furfura a gaban goshi. Ta ƙi kujera, ta jingina da ginshiƙi, ta duba agogo. Tela ya zo da bencinsa ya zauna daf da Likita.

"Bencin na mene ne?"

"Na zama ne. In ta kama, na hawa."

Shiru-shiru ta danna. Gareji ya yi tsit. Sai lasifikoki tara suka ce: shuuuuu, da ɗan ƙas-ƙas a ciki kamar ana taka busasshen ganye.

Matasa suka yi ihun murna, don sun san haka waƙar farko ke buɗewa. Likita kuwa bai san haka ba. Ya saci kallon Tela. Tela na kallonsa, gira a sama.

"Likita, kamar mura nake ji."

"Ƙura ce. Minti ɗaya."

Ya zagaya baya ya girgiza wayoyi. Shuuu na nan. Ya fesa maganin tsatsa a kowane rami. Shuuu na nan. Ya kasa kunne lasifika bayan lasifika, ya gano ƙananan biyu na mota ne suka fi yi, sai ya ciro filaya ya datse wayarsu. Shuuu ya ragu, tare da duk wani siririn sauti da ke cikin waƙar. Daidai lokacin gangar na'ura ta shigo, dum, dum, dum, ta rufe sauran. Likita ya dawo yana goge hannu.

"Ka gani? Allura ɗaya."

Can baya Shiru-shiru na ɗaga masa hannu biyu tana girgiza kai. Ya ɗaga mata babban yatsa.

Waƙa ta biyu ta fara da wani gurnani mai kauri, mmmmm, wanda kake ji a ƙirji kafin kunne. Mutane suka fara lilo a hankali, wasu sun rufe ido.

"Ciwon ciki," in ji Tela.

"Ba nawa ba ne! Wani abu ne a layin wuta ke shigo min."

Ya bi bango yana zare soket. Ya kashe fanka ta farko, gurnani na nan. Ta biyu, ta uku, ta huɗu. Ya cire firji. Gurnani ma sai ya ƙara kauri, domin haka aka tsara shi. Garejin da ba shi da taga ya fara zama tukunya. Wani dogon direba da ke rawa da tawul a wuya ya daka masa tsawa.

"Baba, zafi fa!"

"Ka yi haƙuri, ana aiki! Lafiya ta fi iska."

Shiru-shiru ta bar teburinta ta kutso cikin mutane har ta iso, ta kama hannun rigarsa.

"Kawu, haka waƙar take! Ni na sa shi!"

Rabin maganar ya ji. Ya dafa kafaɗarta, idonsa har ya kawo ruwa.

"Allah ya yi miki albarka, Uwata, amma kada ki ɗauki laifin da ba naki ba don ki rufa min asiri. Koma wurinki. Yanzu zan kama shi."

Dole ta koma, don waƙa ta uku ta kusa shiga. Anti ta duba agogo, ta fara fifita da hannu.

Waƙa ta uku ita ce wadda kowa ya zo dominta. Kiɗan na gudu kamar jirgin ƙasa, sai ya yi tuntuɓe, ta-ta-ta-ta, ya maimaita wuri ɗaya sau takwas, ya zarce. Duk lokacin da ya yi haka sai masu rawa su ƙame su riƙa karkarwa tare da shi, kafaɗu na rawa, sannan su saki jiki gaba ɗaya. Har Anti ta fara buga ƙafa.

Likita bai ga ko ɗaya ba, bayansa ya ba su. Tela ya matso da baki kusa da kunnensa.

"In'ina. Uku ke nan. Saura suma in ɗauki benci."

Duk ta-ta-ta ɗaya, sai Likita ya kwaɗa wa amfilifaya mari. Da yake kiɗan na zarcewa da kansa bayan maimaici na takwas, sai ya ɗauka marin ne ke aiki. Ya tuɓe farar riga, ya tsaya da singileti yana jiran na gaba kamar mai gadin ƙofa. Mari na biyar ya sa ƙusar gefe ta fice. Na shida ya sa murfin ya karkace. Wani ɗan hayaƙi siriri ya fara leƙowa, ya hure shi da baki.

A nan ne matarsa ta iso, jakar tafiya a hannu. Ta riga ta shiga gida ta ga kayanta a kan gado da wurin kabad fayau. Ta tsaya a bakin gareji tana neman mijinta, sai ta hango kanta a cikin madubi, tana karkarwa da kowane dum.

"Baban yara! Kabad ɗina ne wannan?"

"Aro ne! Matsa, ana tiyata!"

Waƙa ta huɗu ta riƙa hawa. Kiɗan na ƙara sauri, na ƙara tsini, kamar butar da ta kusa tafasa. Masu rawa suka ɗaga hannaye sama. Yana kai ƙololuwa, sai ɗif. Babu ko ƙas.

Duk wanda ya san faifan ya san wurin nan. Shiru ne na bugun zuciya takwas, sannan babbar ganga ta faɗo kamar an saki gini. Mutum ɗari suka tsaya hannu a sama, numfashi a riƙe, suna ƙirgawa a zuci. Anti ma ta daina fifita.

Tela ya miƙe ya ɗauki bencinsa.

"Ya suma."

Likita ya fizgi makirufo.

"Kada kowa ya motsa! Zan gyara! Zan gyara!"

Ya murɗe duk abin da ke murɗuwa a jikin amfilifaya har ƙarshe. Ya sunkuya ya manna kunne a ƙofar kabad don ya ji ko akwai sauran numfashi.

Shida. Bakwai. Takwas.

Masu shaguna uku a layin sun rantse cewa kwalabensu sun yi tsalle. Wayar da ta ɗaure kabad ta tsinke, ƙofar madubi ta buɗe da ƙarfi ta kwashi Likita ta zaunar da shi cikin kwandon shara. Lasifikar mai tallan katifa ta faɗo daga ƙusa. Uwar gayya ta yi wani kuka kamar saniya, ta yage gida biyu. Amfilifaya ta yi fat, ta tura hayaƙi baƙi, wutar gareji ta ɗauke. Wani takalmin biki da Likita ya manta a saman kabad ya sauko a hankali ya faɗa masa a cinya.

Wannan karon shirun na gaske ne.

"Takalmina," in ji matarsa.

Aka buɗe ƙofar gareji don hayaƙi ya fita. Anti ta duba agogo: biyar saura ashirin. Ta saɓa jaka. Shiru-shiru na tsaye bayan kwamfutarta, hannu a baki, hawaye na zuba ba sauti. Likita ya hango ta daga cikin kwando, ya sunkuyar da kai.

Tela ne ya ajiye benci ya fita da sauri. Ya dawo da ƙaramar rediyonsa mai ɗaurin roba, wadda aka ce ajalinta ya yi. Ya buge ta sau biyu ya miƙa wa Shiru-shiru.

"Tana da ramin waya a gefe. Gwada, 'yata. Anti, saura minti ashirin ai, ke kika ce awa ɗaya."

Anti ta dube shi, ta dubi rediyon, ta zauna a kan bencinsa.

Muryar rediyon ba ta wuce taku biyar, don haka kowa ya matso ya zauna a ƙasa, gwiwa na gogar gwiwa. Shiru-shiru ta mayar da faifan farko. Shuuuu, ƙas-ƙas. Yanzu da babu mai datse waya, sai aka ji abin da ke ƙarƙashi: ɗigon ruwa, wani tsinke-tsinke kamar agogo, da wani sauti mai gudu da tsayawa.

Tela ya zabura. "Kai! Wannan ai kekena ne!"

"Ta bango na ɗauka," in ji Shiru-shiru. Da yake kowa ya yi tsit, yau an ji ta. "Shuuu ɗin kuma rediyoyin da ke jiran gyara ne a shagon Kawu. Gurnanin na tiransifomar da yake dumama dalma ne. Ta-ta-ta ɗin tsohon kaset ɗinsa ne na gwaji, in ya maƙale. A ƙarƙashin teburinsa na yi wayo, waɗannan ne kiɗan da na fara ji."

Kowa ya juya ya kalli kwandon shara.

"Wato," in ji Tela a hankali, "lasifikokinka lafiyarsu ƙalau, Likita. Da ka naɗe hannu ka zauna, da ni na faɗi."

"To ai shi ke nan! Ba daga gare ni ba ne, allo ya tsira!"

"Uku na farko ba naka ba ne. Wannan suman fa?" Ya nuna amfilifaya da ke ta hayaƙi. "Shi ma a faifan yake?"

Anti ta ɗaga hannu aka yi shiru. Ta rufe ido ta saurara har waƙa ta huɗu. Da shirun nan ya zo, ba wanda ya motsa, sai matar Likita da ta riƙe hannun mijinta gam. Ganga ta faɗo ta cikin 'yar rediyo kamar tari, amma mutum ɗari suka miƙe tsaye, suka cike sauran da ƙafa da tafi. Biyar ta wuce da kwata Anti na nan.

"Asabar mai zuwa," ta ce wa Shiru-shiru a bakin ƙofa. "Sharaɗi ɗaya. Kawunki zai iya zuwa, amma hannunsa a aljihu."

Washegari Tela ya hau benci. Likita ya tsaya a ƙasa yana ba da umarni kan yadda ake cire ƙusa ba tare da an kankare fenti ba. Sati biyu ya yi yana haɗa sabon kabad, matarsa na zaune a kujera tana duba kowace ƙusa.

Bayan wata guda sai wata sabuwar waƙa ta fara yawo daga waya zuwa waya, domin ranar nan kwamfutar Shiru-shiru na ɗaukar komai. Kiɗa ya hau, ya hau, ya ɗauke, sai murya ta fasa: "Kada kowa ya motsa! Zan-zan-zan-zan gyara!" Sannan ganga ta faɗo. Direbobin bas in sun wuce ƙofar shagon sai su danna ham su yi ihu, "Zan gyara!" Likita ya ɗaga musu hannu kamar shugaba. Ya riga ya gaya wa duk wanda ya kawo rediyo cewa shi ne ya ƙirƙiro irin wannan kiɗan tun shekara ashirin da biyu, yarinyar tattarawa kawai ta yi.

Ranar da ta kawo masa waƙar ya ji da kansa, ya sa hedifon, ya rufe ido, yana gyaɗa kai. Tela ya leƙo, almakashi a hannu. Likita ya cire hedifon ɗin a hankali.

"Muryar ta fita, ba laifi. Ko ni na san ina da ita." Hannunsa ya fara lalubar sukudireba. "Sai dai, Uwata, a wurin 'zan' ɗin nan akwai 'yar in'ina. Bar min kwamfutar zuwa gobe."

Shiru-shiru ta rungume jakarta ta fita da gudu. A layin nan kaf, ba wanda ya taɓa jin ta yi ihu sai ranar.